Beguwa da Gishirin Wabigwan

Ga ta nan, ga ta nanku, ku sarakan ƙiriniya.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wata tsohuwa mai suna Wabigwan, can ƙasar Anishinabe, inda sanyi ke daskarar da tafki. Sana'arta ɗinka 'yan akwatuna da ɓawon wani farin itace. Takan rina ƙayar beguwa, ta huda ɓawon da basilla, ta sossoka ƙayar har furanni su fito. Ba ta kashe beguwa. Bargo take jefa mata, ta tsince ƙayar da ta maƙale, ta ba ta ɗan gishiri don godiya. Kowace beguwa sau ɗaya a shekara, domin ƙayar nan ita kaɗai ce makaminta.

To, akwai wata Beguwa, kwaɗayayya ta ƙin ƙarawa. Tun da aka jefa mata bargo ta lasa gishirin nan, hankalinta ya tashi.

Washegari sai ga ta, ta ƙanƙance murya. "Sannu, Kaka. Ni ƙanwar ta jiya ce."

Wabigwan ta ce, "Ƙanwa, ya na ga bayanki da sanƙo?"

"Haka muke duk gidanmu."

Aka jefa bargo, aka tsince ƙaya, aka ba ta gishiri.

Rana ta uku ta zo tana ɗingishi. "Ni kakarsu ce, 'yar nan."

Tsohuwa ta ce, "Na gane ki. Koma gida da 'yar sauran ƙayarki, daji ba wasa ba ne."

Ina, mara kunya ba ta ji ba. Da kanta ta faɗa kan bargo ta yi birgima har sauran ƙayar duk ta maƙale a ciki, ta suri ƙullin gishirin duka, ta arce. Tana tafe tana lasa, duk ta baɗe jikinta, tana yi wa tsohuwa dariya.

Sai ga Kerkeci, kwanansa uku bai ci ba. Beguwa ko a jikinta. Ta juya masa baya kamar yadda ta saba, ta girgiza jiki. Shiru, ba abin da ya yi ƙara. 

Kerkeci ya zagaya ta, ya ce, "Ikon Allah. Wa ya fige mini ke?" Ya ɗan lasa bayanta. "Har da gishiri."

Kun ji, yara. Wanda ya tuɓe abin da ke tsare shi saboda daɗin baki, ya gyara kansa ne wa mai ci.

Ƙurunƙus kan figaggiyar beguwa.