Takarda Ɗaya, Mutum Uku

Ranar Asabar, sha biyu ga watan Agusta, gari ya waye da yayyafi. Da la'asar Malam Barau ya ɗauki lemarsa ya tafi kallon ƙwallo, kamar yadda ya saba tun kafin rubuce-rubucensa su ɓata wa gwamnati rai. Kama shi zai jawo surutu, don haka aka shirya sanarwar da za a karanta a rediyon gwamnati ana cikin wasa: wai shi ya sayi alƙalin wasa don a ci ƙungiyar garin. Kowa a filin rediyonsa na manne da kunne. Sauran aikin, 'yan kallo za su yi.

Lantana, sakatariya a ofishin gwamnati, ita ce ta buga sanarwar a tafireta. Ta baro ofis ba izini, ta kutsa cikin maza har ta tsaya a bayansa. "Malam, kada ka waiwayo. Sunanka za a karanta, kuma an tsare ƙofofi." Barau bai waiwaya ba.

Ɗan'asabe, mai sharhin wasan, aka miƙa wa takardar, jami'i na tsaye a kansa. Ya yi ta cewa bari a buga wannan ƙwallon tukuna. Barau na sulalewa tsakanin jama'a yana jin muryar Ɗan'asabe a kowace rediyo. Minti ashirin ya ja kafin a ƙwace makirfon.

Mantau, direban motar baƙin 'yan wasa, ya kwantar da Barau ƙarƙashin kujerun motar, ya tula masa jiƙaƙƙun riguna. A ƙofa aka ce za a duba, Mantau ya leƙo da kai. "Ranka ya daɗe, in za ka iya da warin, bismillah." Aka kore shi da hannu.

Barau ya tsallake iyaka, amma labari na iske shi. Sau biyu ana kiran Lantana a yi mata tambayoyi. An sallami Ɗan'asabe, kullum da wata mota a ƙofar gidansa. Mantau kuwa an taɓa ɗauke shi kwana uku, ya dawo ba ya magana.

Ƙungiyar da ta ba Barau mafaka ta ce takardar gayyata ɗaya za ta iya bayarwa, ta fito da mutum ɗaya daga ƙasar. Mako guda ambulan na aljihunsa ba suna. Ran Litinin ya rubuta suna, ya jefa wasiƙar a akwatin gidan waya.

To jama'a, sunan wa ya kamata a gani a bayan ambulan ɗin nan?