Sarkin da Ya Kori Alayyahu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata mata ce ana ce da ita Tasalla, a wani gari mai suna Gangaren Kuka. Ba ta da saniya, ba ta da rumbu. Abin da take da shi 'yar fadama ce a bakin rafi, kuma ba ta shuka komai a ciki sai alayyahu. Ita ke ban ruwa, ita ke yanka, ita ke ɗaurewa ta kai kasuwa. Daga bukkar talaka har madafin sarki, babu tukunyar da ganyenta bai shiga ba. 'Yarta ɗaya, Yalwa, ta yi aure a ƙetaren rafi, ta dawo gida goyon cikin fari.

Sarkin garin kuwa, Sarki Korau, mutum ne mai ji da haƙoransa. Farare tas kamar nono. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya nemi dalilin murmushi don a gani.

Ran nan baƙi suka zo daga wata ƙasa. Sarki ya ci tuwo da miyar alayyahu, ya ƙoshi, ya fito fada. Ashe wani ɗan ganye ya maƙale masa a haƙoran gaba, kore shar. Sarki ya yi wa baƙi murmushi. Galadima ya gani, ya sunkuyar da kai. Sarki ya yi dariya. Sarkin Dogarai ya gani, ya kama kallon rufin soro. Sarki ya ƙyalƙyale har da buga ƙafa. Baƙi suka gani, suka riƙa rufe baki da hannun riga. Haka aka wuni, ba wanda ya ce uffan. Sai da aka kawo masa ruwan alwala, ya leƙa cikin ƙwarya, ya ga abin da gari ya wuni yana gani.

To, kuna tsammanin fadawan da suka yi shiru zai kama? Ina! Ganye ya kama.

Mai shela ya zagaya gari yana cewa, "Sarki ya gaishe ku! Daga yau ba shuka alayyahu, ba sayarwa, ba dafawa. Duk bakin da ya ci alayyahu, ko na wane ne, mai bakin ya naɗe tabarmarsa ya bar garin nan kafin rana ta faɗi!"

Dogarai suka dira a fadamar Tasalla. Suka tuge, suka tattake, suka kwashe suka zubar a juji bayan ganuwa. Tasalla ta ɗaure gyale a ƙugu, ta sha gaban Sarkin Dogarai.

"Me ganye ya yi muku? Baki gare shi da zai ce wa sarki ya sakace haƙori? Ku masu bakin, me ya hana ku?"

Ya ce, "Ni tugewa aka ce in yi, ba a ce in yi tambaya ba. Matsa."

Ta tafi wurin Galadima. Ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yata na da ciki, ganyen nan shi ke riƙe da jininta."

Galadima ya ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ki shuka albasa."

Ta tafi ƙofar fada. Aka gicciya mata sanda, aka ce sarki ba ya ganin mai warin ganye. Ta dawo gida tana huci, tana faɗa da hanya, tana faɗa da iska.

Su kuwa dogarai ba su san bambancin ganye da ganye ba. Duk kore a wurinsu alayyahu ne. Suka tuge rama, suka sare zogale, suka bi yakuwa har cikin gidaje. Talakawa suka koma cin tuwo da ruwan barkono. Fada ta koma nama da safe, nama da rana, nama da yamma. Ba a daɗe ba gari ya canza. Mata suka riƙa jiri a bakin rijiya. Yara suka riƙa tuntuɓe da turmi da zarar magariba ta yi. Shi kansa sarki cikinsa ya ɗaure, ya kumbura, ya yi tauri kamar ganga. Ya shiga bayan gida ya fito, ba labari. Ya sake shiga ya fito, ba labari. Murmushin ma ya daina.

Duk wannan bai dami Tasalla kamar halin da Yalwa ke ciki ba. Yarinyar ta ɗashe. Tafin hannunta ya yi fari, cikin idonta ya yi fari, in ta miƙe sai ta dafa bango.

"Inna, ɗakin nan juyawa yake yi."

"Zauna, auta. Ba ɗakin ba ne."

Ungozoma ta zo ta duba, ta ja Tasalla gefe, ta ce, "Jininta ya yi kaɗan. In haihuwa ta zo a haka, sai dai addu'a."

Washegari Tasalla ta fita bayan ganuwa neman itace. Tana tsinta tana mita da ƙarfi. "Ƙaton mutum da rawani, ya rasa abokin faɗa sai ganye! 'Yata za ta mutu a kan haƙorin wani!"

Sai ta ji an ce, "Faɗa ki ƙara, Tasalla."

Ta waiwaya. Wata tsohuwar Akuya ce kwance a kan juji, ta yi ɓulɓul, gashinta sai sheƙi yake.

Tasalla ta ce, "Ke Akuya, mutane na ramewa, ke me kike ci?"

Akuya ta ce, "Abin da sarkinku ya zubar. Mun ci ganyen, irin ya zube a ƙasa, kashinmu ya zama taki, ruwa ya sauka. Zo ki gani."

Ta kai ta bayan jujin. Alayyahu ne ya tashi har ƙugu, ya fi na fadama kauri.

Akuya ta ce, "Ɗebi. Amma kada ki tuge kamar waɗancan marasa hankali. Ki tsinki kai ki bar saiwa, gobe ma ki samu."

Tasalla ta tsinka, ta shimfiɗa a gindin kwando, ta ɗora itace a kai, ta wuce dogaran ƙofa tana harararsu.

Rana ta farko fate ta yi. Ta wanke ganyen da gishiri kafin ta sa masa wuƙa. Ta dafa tsaki har ya nuna, sannan ta zuba ganyen a ƙarshe, ta rufe kaɗan ta sauke yana nan da korensa. Ko ƙwayar kanwa ba ta sa ba. Tana ba Yalwa tana waƙa ƙasa-ƙasa:

Ci, Yalwa, ci,
sarki ya kore shi,
akuya ta sauke shi,
ci, Yalwa, ci.

Yalwa ta ci, ta tashi zaune.

Rana ta biyu kwaɗo ta yi. Ta turara ganyen, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa da tumatir, ta matsa lemun tsami, ta zuba ɗan man gyaɗa, ta cakuɗa. Ta yi waƙarta. Yalwa ta ci, ta taka har tsakar gida ba ta dafa bango ba. Haka aka yi ta yi, yau fate gobe kwaɗo, har ja ya fara dawowa cikin idonta.

Sai ran nan Yalwa ta ce, "Inna, miya nake marmari."

Tasalla ta san miya ba ta ɓuya, amma ta dubi 'yarta ta ɗora tukunya. Ta sa kabewa, ta sa niƙaƙƙiyar gyaɗa, ta sa daddawa da busasshen kifi. Da suka haɗe, ta yanka alayyahu ƙanana-ƙanana ta zuba. Ƙamshi ya tashi. Ya haura katanga, ya bi lungu, ya sha kwana, ya shiga hancin Sarkin Dogarai ya zauna.

Kafin Yalwa ta gama kwanonta, an banko ƙofa. Aka tasa Tasalla gaba da tukunyarta a ka, mutanen gari na biye, har fada.

Sarki na kishingiɗe, yana riƙe da ciki, yana nishi. Ya ce, "Ke ce kika taka dokata?"

Tasalla ta sauke tukunya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce alayyahu ne a ciki?"

Sarkin Dogarai ya ce, "Ni na ji ƙamshinsa."

"A kan ƙamshi za a kore ni daga garin ubana? A ɗanɗana tukuna, a faɗa."

Sarkin Dogarai dama yawunsa ya tsinke tun a hanya. Ya sa ludayi ya sha. Ya ƙara. Ya lumshe ido, ya buɗe baki, ya ce, "Wallahi ala..."

Tasalla ta ce, "Ƙarasa mana. Faɗa wa sarki abin da bakinka ya ci."

Nan take ya tuna da shela. Gumi ya keto masa. Ya ce, "Rama ce, ranka ya daɗe. Rama ce."

Sarki ya ce, "Galadima, duba mana."

Galadima ya sha. Ya ce bai tabbatar ba, ya ƙara. Ya ce har yanzu da ɗan shakka, ya ƙara. Tasalla ta ce, "To, me bakinka ya ci?"

Galadima ya goge gemu. Ya ce, "Zogale ne, ranka ya daɗe."

Sarki ya fusata. "Wannan ya ce rama, wannan ya ce zogale! Ku miƙo min!"

Ya sha ludayi ɗaya. Ya lashe leɓe. Ya ce a kawo tuwo. Ya ci, ya ci, ya ci, har ya suɗe gindin tukunya. Can sai cikinsa ya yi ƙugi kamar hadari. Ya miƙe ya tattara riga, ya shige cikin gida da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa. Aka jira. Aka jira. Ya dawo yana tafiya sakayau kamar saurayi, ya zauna.

Mutane suka zuba masa ido. Shi ma ya san abin da ya ci. Galadima ya matso ya yi masa raɗa. Sarki ya gyara murya ya ce, "Wannan ba alayyahu ba ne. A sake ta, ta tafi gida."

Da wata ce, sai ta ɗauki tukunyarta ta yi godiya. Tasalla ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, "Alayyahu ne."

Fadawa suka kalli juna.

Ta ce, "Alayyahu ne, ranka ya daɗe, ni na yanka shi da hannuna. Kai ka ci ka samu sauƙi, sai in koma gida in ci gaba da dafa wa 'yata a ɓoye kamar ɓarauniya? Matan da ke faɗuwa a bakin rijiya fa? Yaran da ba sa gani da magariba fa? Ka hana gari abin da ke ƙara masa jini saboda kunyar wuni ɗaya, yanzu kuma za ka canza masa suna don ka tsira? Shela ta ce ko bakin wane ne. Ku uku kun ci a gaban jama'a. Ga rana can ta karkata. Ku naɗe tabarminku, ni ma in naɗe tawa, mu fita tare."

Daga ƙofar fada wata tsohuwa ta ce, "Mun gani!" Wani ya ce, "Har da suɗe tukunya!" Sai gari duka ya ɗauka.

Sarki ya dubi Galadima, Galadima ya dubi Sarkin Dogarai, Sarkin Dogarai ya dubi ƙasa. Sarki ya ce da ƙaramar murya, "A kira mai shela. Doka ta tashi."

Tasalla ta ce, "Doka ta tashi, fadamata fa? Ita ma shela za ta shuka ta?"

Da gari ya waye, mutanen Gangaren Kuka suka ga abin da kakanninsu ba su taɓa gani ba. Sarkin Dogarai na kaftu da fartanya. Galadima ya naɗe wando yana yafa iri. Sarki Korau na ɗebo ruwa daga rafi da ƙwarya, laka har gwiwa. Tasalla na tsaye a kan kunyar fadama, hannu a ƙugu.

"A hankali, ranka ya daɗe! Yayyafawa ake yi, ba kwararawa ba. Za ka wanke min iri!"

Suna cikin haka sai guɗa ta tashi daga gidan Tasalla. Wata maƙwabciya ta sheƙo a guje. "Yalwa ta sauka! Mace ce! Uwa da 'ya lafiya lau, har tana cewa a kawo mata fate!"

Tasalla ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah. Ta yi taku biyu za ta gudu gida, sai ta juyo ta nuna wa sarki kusurwar fadama.

"Can bai sha ruwa ba. Kada in dawo in tarar da shi a bushe."

To, kun ji. Mai iko in ya huce fushinsa a kan abin da ke ciyar da mutane, cikinsa ma ba zai tsira ba. Kuma in an zuba muku ganye a kwano, ku cinye, kada in ga ana turewa gefe.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na ajiye ta nan, kowa ya kama hanyar shimfiɗarsa.