Kwalbar da Ta Ƙi Buɗuwa

Akwai wani manomi a ƙasar tuddai, inda sanyi yake barin tuffa ta yi 'ya'ya. Itatuwan bayan gidansa mahaifiyarsa ce ta dasa su tun tana da ƙarfinta. Yanzu ta tsufa, haƙoranta sun zube, tana zaune a birni wurin ƙaninsa, sai Kirsimeti take zuwa gida. Kafin ta zo tuffa ta riga ta wuce, ko da ma akwai, da me za ta tauna?

Wata shekara matar manomin ta ce za ta yi wa tsohuwar jam, wato dafaffiyar tuffa mai zaƙi da ake shafa wa burodi, don ta sake ɗanɗana abin da ta dasa. Ta fere tuffa, ta yayyanka, ta dafa da sukari da ruwan lemun tsami. Ta daka citta da kirfa da ɗan kanumfari ta zuba, ta yi ta juyawa har ya yi kauri. Ta tafasa kwalabe da murafensu, ta cika su da zafinsa, ta rufe gam, ta sake dafa su cikin ruwa.

Mijin kuwa mutum ne mai son sanin kan kowane abu, irin wanda in ya shuka masara sai ya tone ya ga ko ta fara tsiro. Ya tsaya yana ta tambaya: don me ake dafa kwalba, alhali ba cinta za a yi ba? Ina iskar ciki take tafiya? Ta amsa masa iyakar saninta. Da kwalaben suka huce, ta nuna masa yadda tsakiyar kowane murfi ta lotsa ciki.

Ta ce, "Maigida, ka ga wannan lotsawar? Muddin tana nan, abin da ke ciki lafiya lau yake. Dubawa da ido ta isa, kada ka buɗe."

Ba da daɗewa ba 'yarsu ta haihu, matar ta tafi ta kula da ita. Manomin ya rage daga shi sai kwalabe a cikin kabad. Yakan duba, ya ga murafen a lotse, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Murfi ai ƙarfe ne, ina ƙarfe ya san abin da ke ciki? Sai ya buɗe ɗaya, ya tsoma yatsa, ya lasa. Daɗi har kunne. Ya mayar da murfin yana murna. Bayan 'yan kwanaki ya ce, to, ta kusa da ita fa? Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Guda ce kaɗai ta gagare shi. Ya naɗa tsumma, ya murɗa har tafin hannunsa ya yi zafi, ta ƙi. Ya yi tsaki, ya tura ta can baya.

Ana gab da Kirsimeti matar ta dawo, tsohuwa ma ta iso. Da aka buɗe kabad, sai ga fumfuna ta rufe saman jam ɗin, tsami yana tashi.

Manomin ya ce, "Amma duk wadda na duba, lafiya na same ta."

Matar ta ce, "Lafiya take, Maigida, kafin ka duba."

Kunya ta rufe shi, ya kasa kallon mahaifiyarsa. Sai matar ta hango kwalbar baya, murfinta a lotse. Ta sa bakin wuƙa ta ɗan ɗaga shi, ƙanshin kirfa ya cika ɗakin. Tsohuwa ta shafa a burodi, ta mamula a hankali, hawaye suka zubo mata don murna. Ta ce ta gane shi, wannan ɗanɗanon itacen bakin rijiya ne.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Jam ɗin shi ne sulhu. An sha wutar faɗa, an nemi gafara, an yafe, an rufe magana. Lotsawar murfi ita ce alamar da kake gani: ɗan'uwanka yana gaishe ka, yana cin abinci a gidanka. Amma kai sai ka koma kana tambaya, "Da gaske ka yafe? Ka tuna abin da ka faɗa mini ranar nan?" Kana cewa dubawa kawai kake yi, alhali yatsa kake tsomawa.

Haka muke yi wa Ubangiji ma. Ya gafarta mana, ya ba mu gicciye ya zama alama, mu kuwa muna ta tono tsohon zunubi mu ga ko gafarar tana nan. Tana nan, domin shi ya rufe ta, hannunka kuma ba zai iya murɗe ta ba. Ta tsakaninka da ɗan'uwanka ce take buɗuwa da sauƙi. In ka ga murfinta a lotse, ka gode wa Allah, ka janye hannunka.