Ɗan da Tasalla Ta Haifa da Tsintsiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu ƙura a ƙafa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Kai Ilu, sauke ƙafarka daga kan tabarmata, dubi yadda ka mayar min da ita kamar burtali.

Wata mata ce wai ita Tasalla, mai sayar da ɗanwake a bakin kasuwa. Mijinta Jatau manomi ne. Suna da 'ya babba, Lantana, wadda ta isa ɗaukar tulu. Sai ƙaramarsu Kyauta, wadda Allah ya ba su bayan sun fid da rai da sake haihuwa. Tasalla ba ta haɗa Kyauta da komai ba a duniya.

Kada ku ce na ce Tasalla ƙazama ce, a'a. Lokaci ne ba ta da shi. Tun asuba take ɗora tukunya, rana na fitowa ta goya Kyauta ta nufi kasuwa, ba ta dawowa sai almuru. Sai ta tarar da gida kaca-kaca. Jatau ya ɓare gyaɗa, ya sha rake, ya watsar nan inda yake zaune. Lantana ta tsefe kai ta yar da gashi, ta kwashe toka ta zube a bakin murhu. Jatau ya ce shara ba aikin namiji ba ne. Lantana ta ce ita ba wanda ya sa ta.

Sai Tasalla ta ɗauki tsintsiya bayan magariba ta share. To kun dai san sharar dare ba a fitar da ita, wai arzikin gida ake zubarwa. Sai ta tara ta a lungun da ke tsakanin rumbu da katanga, ta ce, "Da safe na kwashe." Da safe kuwa tukunya na tafasa, Kyauta na kuka, masu saye na jira. Yau haka, gobe haka, tun daga ranar sunan Kyauta har yarinya ta fara rarrafe. Tsibin shara ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa.

Ran nan da sassafe Tasalla ta sunkuya za ta hura wuta, sai ta ji an ce, "Inna, ina kwana?"

Ta waiwaya, ba kowa. Ta sake sunkuyawa.

"Inna, gaishe ki nake yi."

Sai ta dubi lungu. Innalillahi! Tsibin nan ya yi idanu da tsingaro, ya yi baki da sakaina, ga gashin Lantana buzu-buzu a kansa. Tasalla ta saki muciya.

Ta ce, "Wace ce Innarka? Ni ban haifi juji ba!"

Tsibi ya ce, "Ke mana. Ke kika haife ni da tsintsiya. Baba da Yaya Lantana su ke ciyar da ni kullum. Yau ɗanwake nake so."

Tasalla ta ruga ta tashi Jatau. Ya fito yana miƙa yana cewa mafarki ta yi. Da tsibi ya ce masa, "Baba, an tashi lafiya?" sai ga Jatau a bayan rumbu, hularsa a ƙasa. Daga can ya ɗaga murya ya ce, "Ke Tasalla, kwashe shi mana! Ba aikinki ba ne?"

Ta ɗauko tsintsiya da kwando. Tana miƙa hannu, tsibi ya buɗe baki, laƙwam! Ba tsintsiya ba kwando. Tsoro ya kama ta. Sai ta zuba ɗanwake a akushi ta tura masa da ƙafa. Ya haɗiye har da akushin. Tasalla ta ce, "Mu rufa wa kanmu asiri, kada maƙwabta su ji." Kowa ya kama bakinsa.

Bayan kwana biyu sai tsibi ya ce, "Inna, kaɗaici ya dame ni. Ina son abokin wasa."

Ta ce, "Ina zan samo maka?"

Ya ce, "Ga shi nan yana zuwa."

Akuyar Jatau ce ta zo kiwon ɓawon rake. Laƙwam! Sai igiya kawai aka gani tana shigewa. Jatau ya ɗora hannu a ka yana salati, Lantana ta ƙwalla ƙara. Amma fa ku ji mutanen nan, da yamma Jatau ya zauna yana jimamin akuyarsa yana ɓare gyaɗa yana watsarwa. Tasalla ta dawo ta aro tsintsiyar maƙwabta ta share, ta tsaya da sharar a hannu. Dare ya yi, ba halin fitarwa. Sai ta runtse ido ta watsa a lungu. Tsibi ya ce, "Na gode, Inna."

Ana nan sai ranar Juma'a, ranar da Tasalla ba ta zuwa kasuwa. Tsibi ya ce, "Inna, kullum Kyauta kike goyawa. Ni ma ki goya ni."

Tasalla ta ce, "Allah ya kiyaye! Bayana na 'yata ne."



Da hantsi ta sauke Kyauta a tsakar gida za ta yi wanka, ta ce a lura da ita. Jatau ya ɗauka da Lantana ake. Lantana ta ɗauka da Baba ake. Yarinya kuwa ta bi ɓawon gyaɗa da rarrafe, tana tsinta tana dariya, har lungu. Sai tsibi ya soma yi mata waƙa:

"Taho ƙanwata, taho,
Ni da ke uwa ɗaya,
Ke a baya, ni a lungu,
Taho mu zauna ɗaki ɗaya."

Tasalla ta ji waƙar daga banɗaki. Ta fito da gudu, zane a hannu, sabulu a ido. Tafin ƙafar Kyauta kaɗai ta gani. Laƙwam!

Wayyo! Ihun da Tasalla ta yi, har tsuntsayen kan bishiyar kuka sai da suka tashi. Ta faɗa kan tsibi tana tono da farce. "Ba ni 'yata! Ba ni 'yata!" Can ciki tana jin kukan Kyauta ƙasa-ƙasa.

Tsibi ya ce, "Tana nan a ƙarƙashina. In kuna son ta, kowa ya zo ya ɗebi abin da ya ba ni da hannunsa, ya kai bayan gari. Abin da ba naka ba, ba zai ɗagu gare ka ba. Amma ku yi sauri. In rana ta faɗi na zama sharar dare, kun san ba mai fitar da ni. Kafin gari ya waye kuwa ta zama tawa."

Tasalla ta wawuri ƙwarya. Ɓawon albasa, tsumman goge tukunya, ganyen da take naɗe ɗanwake, duk suka taso mata ba wuya. Ta kai hannu kan ɓawon rake, sai ta ji kamar dutse. Ta kwashi nata ta yi ta safa zuwa bayan gari, amma tsibi bai ragu da abin kirki ba.

Ta ce, "Lantana!"

Lantana na kuka ta ce, "Inna, tsoro nake ji."

"Ƙanwarki ma tsoron take ji. Ɗebi tokarki!"

Lantana ta shiga ɗiba. Toka, gashi, fasassun tuluna da ta ɓoye don kada a yi mata faɗa. Tsibi ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙirji.

Tasalla ta ce, "Malam, saura kai."

Jatau ya ja da baya. Ya ce, "Ni? Da gemuna in ɗauki shara a ka in ratsa gari ranar Juma'a? Me za a ce da ni?"

Yana rufe baki tsibi ya kumbura ya koma yadda yake. Kukan Kyauta ya ƙara nisa. Tasalla ta tsaya a gabansa. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ran nan.

Ta ce, "Malam, saurara. Kana jin ta? Ni da ƙyar nake ji. Rabin abin da ya danne ta daga bakinka ya fito. In ka tsaya jin kunyar mutane, su mutanen ne za su zo maka gaisuwa gobe."

Jatau ya kasa kunne. Sai hawaye shar. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauko buhu. Jama'a na dawowa daga masallaci suka ga Jatau da buhun shara a ka yana gudu, suka riƙe baki. Ko kallonsu bai yi ba. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Can sai ga akuya ta faɗo tana atishawa. Sai ga akushi. Sai ga tsintsiya da kwando. Tsibi ya koma ƙugu, ya koma gwiwa, rana kuma ta yi ja.

Abin da ya rage a ƙasa ƙasusuwa ne da busasshen tuwo, sun dunƙule sun yi tauri. Tasalla ta ja, ko motsi. Jatau ya ja, Lantana ta ja, ko motsi. Kowa ya ce ba nasa ba ne. Kukan Kyauta kuwa ya ɗauke ɗif.

Tasalla ta ƙura ido, sai ta ga ƙaho. Ta ce, "Ragon sunan Kyauta ne! Sharar farko ke nan. Dukanmu muka ci. Ku kama!"

Suka kama su uku, abin ya ɗaga. Daidai nan ladan ya kira magariba.

Tsibi ya yi dariya da ɗan guntun bakin da ya rage masa. Ya ce, "Dare ya yi, Inna. Za ki zubar da arzikin gidanki?"

Jatau ya tsaya cak. Lantana ta dubi uwarta. Tasalla ta ce, "Arzikin gidana yana ƙarƙashinka. Ku mu je!"

Suka fice da shi a guje, suka wurga bayan gari, suka dawo. Ga Kyauta kwance a lungu, fari fat da toka, ba ta motsi. Tasalla ta sure ta, ta hura mata hanci, ta jijjiga ta. Shiru. Ta sake jijjigawa tana kiran sunanta. Sai yarinya ta yi atishawa, ta tsala kuka. Tasalla ta zube ƙasa tana kuka tana dariya.

Da aka yi mata wanka aka ajiye ta, sai Kyauta ta rarrafa ta nufi lungu. Ashe ɓawon gyaɗa guda ya rage. Ta nuna shi da yatsa ta buɗe baki. Yarinyar da ba ta taɓa cewa ko Inna ba, maganarta ta farko a duniya ita ce, "Yaya."

Kafin Tasalla ta motsa, Jatau ya yi tsalle ya damƙe ɓawon nan, ya fita da shi ba ko takalmi.

Tun daga ranar aka raba aiki. Lantana ta share gida da safe kafin ta tafi rijiya. Jatau ya ɗauki kwandon shara in zai tafi gona. Tasalla ta wanke tukwane da randa kafin ta fita. Wanda ya ci abu kuwa, shi zai kwashe ɓawonsa.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun da ya rasa lungun ɓuya a gidan Tasalla. Gidan da kowa ke ɓatawa, kowa ke gyara shi, kuma da safe, tun shara ba ta yi baki ba. Kai Ilu, ɓawon gyaɗar nan da ke bayanka na wane ne? Au, kun ga yadda ya zabura!