Jatau da Dagin Icce

Ga ta nan, ga ta nanku. Mai tsoro ya matso tsakiya.

Ta zo mu ji ta.

Wani mutum ne wai shi Jatau, sarkin cika baki. Yawo ya kai shi can gabashin Afirka, wani gandun daji inda ake kafa wa baƙi tantuna, a zaga da su cikin mota su kalli namun dawa. Ya ce wa mai sansanin, "Ranka ya daɗe, ni jikan maharba ne. Zaki in ya ji tarina sai ya zo gaisuwa." Sai aka ba shi jagorancin baƙi. Alhali ko kyanwa ta harare shi sai ya hau katanga.

Kwana da kwanaki ba zaki. Mai sansani ya ce, "Jatau, in ba zaki, ba aiki."

Sai Jatau ya sassaƙa dagin zaki da icce, ɗaya tak, na hagu. Da asuba ya bi bayan tantuna yana danna shi a laka. Gari na wayewa ya ce, "Kun gani? Jiya ya zo gaishe ni." Baƙi suna ta ɗaukar hoto.

Asubar farko gadu ya ce, "Malam Jatau, sawun wa kake shukawa?"

"Tafi can, mummuna."

Ta biyu raƙumin dawa ya leƙo ta saman itace. "Jatau, ina hango mai sawun, yana tafe."

"Dogon banza!"

Ta uku kura ta zo. Ba ta yi dariya ba. Ta shinshina, ta ce, "Na hagu ne," ta ruga.

Da rana tsaka ana cin abinci a gindin itace, sai tsuntsaye suka yi tsit. Iska ta tsaya. Sai aka ji taku: tim, tim, tim, shiru. Tim, tim, tim, shiru. Ciyawa ta dare, ga wani tsohon zaki, fari fat kamar toka, ƙafarsa uku. Ba shi da inuwa.

"Jatau, tun da tarko ya cinye min dagi nake nemansa. Na ga sawuna a ƙofarka. Ba ni abina."

"Manyan dawa, ba ni ne..."

"Buɗe jakarka."

Jatau ya zaro iccen, kowa na kallo. Zaki ya sa dungulminsa, icce ya kama, ya yi gashi, ya fito da farce.

"Ka yi yawo da ƙafata, zan yi da taka."

Zaki ya juya ya tafi. A bayansa sawu uku na zaki, na huɗun ƙafar mutum ce, har da yatsu biyar. Jatau ya ja da baya zai sulale. Mai sansani ya nuna ƙasa, baƙi suka juyo da na'urorin hotonsu. Duk inda Jatau ya sa ƙafar hagu, sawun dagi ne ke fita.

Wanda ya ari ƙafar wani, da tasa zai biya.

Kurunkus kan gadu. Kai mai dariya, in ka tashi duba sawunka.