Tabon Sallah na Mai Ruwan Rake

"Wannan goshi naka, Abu Rihab, ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame ya karye."

Usta Dahshan wanzami ne ya faɗi haka yana wanke aska, ranar da watan Sha'aban ya kama. Wasa yake yi. Masu jiran aski suka yi dariya, kowa ya manta. Mutum biyu ne ba su manta ba: mai goshin, da 'yarsa Rihab, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da makullin shago da ta kawo masa. Ta ga uban ya taya su dariya. Ta kuma ga hannunsa ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen aski, ya shafa goshin a hankali.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a lungunmu na Damanhur, a ƙasar Masar. Sunansa na yanka ba zai shiga labarin nan ba. Da sunan 'yarsa kowa ke kiransa, mu ma haka za mu yi. Shagon ruwan rake gare shi a bakin titi. Ba mugu ba ne. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya cika ƙanƙara a kofi sai in zafi ya yi yawa. Yana sallah in ciniki ya lafa. Asuba kuwa, rana ce ladaninsa.

Kun san yadda lungu yake in Sha'aban ya shigo. Yara sun ja zare daga baranda zuwa baranda suna rataya fitilu da takardu masu launi. Waɗanda suka shekara ba sa gaisawa sun fara aika wa juna farantin basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi. Matarsa, Ummu Rihab, tana rige-rige da ƙarewar watan wajen ramuwar azumi. Rihab ta ɗauko Alƙur'aninta tana saba wa harshenta, kada azumi ya zo ya same ta tana tuntuɓe.

Shi kuma abu ɗaya ne a ransa: teburin rahama, dogon teburin nan da ake jerawa a ƙofar masallaci, duk wanda magariba ta riska a hanya ya zauna ya sha ruwa. Dattijon da ke riƙe da shi ya rasu. Liman, Shehi Bayyumi, ya ce zai sanar da sabon mai riƙo a Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban. Mai riƙon tebur shi ke tsayawa a kai kullum da yamma cikin farar jallabiya, yana cewa "Bismillah, ku matso," kowa na kallonsa. Abu Rihab yana son tsayuwar nan kamar ransa.

Sai dai akwai Alhaji Abdul'ati mai sayar da yadi. Tabon sallarsa ya kai faɗin bakin kofin shayi, baƙi wuluk, har da ƙanensa a ƙasa. Abu Rihab ya dubi wancan goshi, ya tuna nasa, ya yanke wa kansa hukunci: da wannan goshin ba za a ba shi ko cokali ba.

To, shi ma sai ya fara shirin azumi.

Ya sayi carbi mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ake jin ƙararsa daga tsallaken titi. Ya kashe waƙa a shago ya sa karatu, ya ƙure murya har injin matse rake ya koma kamar mai raɗa. Ya daina aske gemu. Duk wannan ya yiwu. Goshi ne ya ƙi.

A faɗi gaskiya, da hanyar ƙwarai ya fara. Ya ɗauke darduma mai laushi, ya shimfiɗa tabarma mai kaushi, ya tayar da nafila. Rihab tana wanke-wanke tana jin ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙusa. Ya yi raka'a biyu, ya sallame, ya ruga madubi. Ya dawo ya ƙara, ya sake rugawa madubi. Ku gaya mini, mai sallar nan, ina ya fuskanta? Alƙibla ko madubi? Ba a daɗe ba ya naɗe tabarmar, ya ce abin akwai jinkiri.

Daga nan kayan gidan suka fara ɓata. Dutsen goge kaushin uwar ya bar banɗaki, ya koma aljihun jallabiyar uban. Ya goge, ya goge, goshin ya yi ja ya ƙara sheƙi.

"Abu Rihab, wa ya taɓa mini kwalli?"

"Ni kike tambaya? Ina ruwan namiji da kwalli?"

Rihab ta sunkuyar da kai cikin farantinta. Ta gan shi da safe a gaban madubi yana dangwalawa da ɗan yatsa. Ranar ya fita da tabo mai kyau, zagaye, har ya fi na Alhaji Abdul'ati tsari. Bai yi tunanin gumi ba. Kafin azahar wani direban tuktuk, keken nan mai ƙafa uku, ya ajiye kofinsa ya ce, "Maigida, injin nan ya feso maka baƙin mai. Ga shi can yana gangarowa hancinka."

Rihab tana ganin duk wannan. Yarinya ce mai kunya, ko a makaranta sai malama ta maimaita sunanta kafin ta ɗaga kai. Ta san abin da goshin nan ya rasa ba ya cikin kayan kwalliyar uwarta. Akwai wata 'yar tambaya da take so ta yi masa. Kullum in ta kawo masa shayi tambayar sai ta zo mata wuya, sai ta haɗiye, ta ce, "Sukari ya ji, Baba?" Ya za a yi 'ya ta nuna wa ubanta ta gane?

Ana haka, ranar Alhamis ta ƙarshe, ya zauna a gidan gahawa ya ji ana ba da labarin wani sakarai a wani gari da ya ɗaura wa goshinsa dakakkiyar tafarnuwa don ya yi tabo. Kowa ya ji abin dariya. Shi ya ji magani.

Ya jira matarsa ta tafi gidan 'yar uwarta. Ya tsinko tafarnuwar da ta rataya a baranda, ya daka da kansa, mutumin da bai san inda turmi yake kwana ba. Ya cika tsumma ya ɗaure a goshi tamau. Yana juyowa suka yi ido huɗu da Rihab.

"Maganin mura ne," in ji shi.

Tambayar ta taso har bakinta. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba."

Abin ya fara zafi, ya ce aiki yake yi. Ya koma raɗaɗi, ya ce ai lada ba ya samuwa a sauƙaƙe. Lada, ya 'yan uwa! Haka ya kwana da shi.

Da safe aka kwance. Babu baƙin tabo. Wani ƙaton bororo ne zaune a tsakiyar goshi, cike da ruwa, kamar an manna masa dafaffen ƙwai.

"Innalillahi!" in ji Ummu Rihab. "Me ya cije ka?"

"Kunama."

"Kunamar da ke warin miyar lalo? To ina tafarnuwata ta baranda? Ita ma kunamar ce ta cinye?"

"Ke dai ba ni hula."

"Don girman Allah, Abu Rihab, ka tafi asibiti. In Juma'a ce ka yi ta a can."

"Yau ce ranar, mace. Yau za a faɗa."

Ya jawo hula har gira, ya naɗa rawani a kai cikin wannan zafi, ya juye rabin kwalbar turare. Turare da tafarnuwa suka haɗu suka haifi wani abu da ba shi da suna. Kun san dai an hana wanda ya ci tafarnuwa kusantar masallaci don kada ya cutar da jama'a. Shi ya ce ai bai ci ba.

Rihab da uwarta suna sama, wajen mata, suna hango ƙasa ta ramukan katako. Ta ga ubanta ya ratsa sahu ya zauna daidai bayan liman, kusa da abin magana, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji Abdul'ati. Ta ga fili yana buɗewa dama da hagu saboda warin. Shehi Bayyumi ya yi huɗuba a kan share zuciya kafin baƙo mai girma ya iso. Abu Rihab yana gyaɗa kai a hankali, kada rawani ya goge shi. Da aka ce a daidaita sahu a toshe kafa, bayin Allah suka matso suna riƙe numfashi.

Aka yi ruku'u lafiya. Liman ya yi kabbara, masallaci duk ya tafi ƙasa. Shi kuwa, da ya saba buga goshi a tabarma don a samu tabo, ya manta.

"Wayyo Mama! Na mutu!"

Abin magana ya ɗauka, lasifika ta kai. Mai suyar ƙosan ta'amiyya a ƙarshen layi ya ji. Matan da ke shanya a saman bene suka ji. Mutum mai furfura yana kiran uwarsa a tsakiyar sallar Juma'a, da muryar da duk lungu ya sani, muryar da ke cewa "Rake mai sanyi!"

Rihab ta ji dariya ta zo mata, ta ji kuka ya biyo baya. Da ta ɗago, ta saci kallo, Allah ya yafe mata. A sujada ta biyu ubanta ya durƙusa, goshinsa na lilo a saman kafet, ya kasa saukewa. Mutumin da ya kwashe wata yana neman alamar sujada, ga sujadar kanta ta gagare shi.

Ana sallamewa rawani ya warware, hula ta faɗi. Kowa ya gani. Har da ɓawon tafarnuwa manne a gira.

"Jama'a," in ji Usta Dahshan daga baya, "wa ya shigo da tukunyar lalo sahun gaba?"

Masallaci ya ɗauka da dariya. Wanda bai yi dariya ba shi ne Alhaji Abdul'ati. Shi ya zaro hankicinsa ya dafe masa ciwon, ya kama shi ya kai shi ƙofa. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Rihab tana gindin matakala tana neman takalminta lokacin da liman ya iske shi.

"Haba, Abu Rihab. Wallahi tun farkon wata dattawa suka tsayar da kai. Kai ka san masu shinkafa, ka san masu biredi, shekara da shekaru kana aiko da rake ba a roƙe ka ba. Alhaji da bakinsa ya ce gwiwoyinsa ba za su iya ba, a ba ka. Wa ya ce maka goshi muke dubawa?"

Abu Rihab ya sunkuyar da kai, liman ya ci gaba.

"Yanzu ya zan miƙe in kira sunanka? In kira su yi me?"

Ba a kira shi ba. Tebur ya koma hannun wani.

Daga nan abin ya gangara. Yara suka raɗa masa Abu Tafarnuwa. Samari su tsaya a shago su ce, "Kofi ɗaya, maigida, amma ban da yaji." Ya jure kwana kaɗan, ya ja ƙofar shago ya rufe, a daidai lokacin da mai ruwan rake ke jira duk shekara. Ciwon ya ruru, ido ɗaya ya kumbura. Likita ya wanke ya naɗe, ya ce kada goshin nan ya taɓa ƙasa sai ya warke, kuma in ya warke fari zai yi, ba baƙi ba. Ya shige ɗaki ya rufe taga. Masallaci kuwa, ya ce ƙafarsa ba za ta sake takawa ba. Ko a ɗaki ya daina sallar, ya ce me ya rage.

Ya 'yan uwa, mun yi dariya, ni ma na yi. Amma wane ne cikinmu ba shi da tafarnuwarsa? Wata tana ƙirga izu don ta faɗa a gidan suna. Wani sadakarsa ba ta fita sai titi ya cika. Tabon sallah ba laifi ba ne. Akwai wanda Allah ya ba, akwai wanda ya tsufa a kan darduma goshinsa sumul. Allah ba fata yake dubawa ba. Abin da ya kashe mutumin nan, ya yi wa mutane shiri, bai yi wa Mai watan ba. Ya samu abin da yake nema tun bai nema ba, ya ƙone shi da hannunsa.

Sannan akwai mai gani ya yi shiru. Kunya ado ce, amma wadda za ta sa ka zuba ido naka yana dakan abin da zai ƙone shi, kana cewa Allah ya sawwaƙe, wannan sai a sake mata suna.

Da yammar da aka ce an ga wata, lungu ya cika da ihun yara. Rihab ta shiga ɗakin da ruwan ɗumi da auduga. Yana zaune bakin gado, ya juya wa taga baya. Ta kwance, ta wanke, ta naɗe.

"Kin sani tun farko, ko?" Bai dube ta ba.

"Na sani, Baba."

Ta ɗauki kwanon, ta kai ƙofa. Ta tsaya. Ta dawo ta ajiye shi.

"Likita ƙasa ya hana, bai hana sallah ba. A zaune ma ana yi. Babu mai gani, daga ni sai kai." Ta matso kusa da shi. "Baba... in tashe ka sallar asuba gobe?"

Allah ka kiyaye mu daga yi don idon mutane, ka kiyaye mu daga shirun da ke cutar da namu, ka kai mu watan nan da zuciya wankakkiya. Amin.