Jirgin Kalimbu Bai Jira Walimar Hajiya Ba

Akwai wani ɗan kwangila mai suna Alhaji Maje, wanda kuɗin man fetur suka ɗaga a shekarun 1970. Siminti yake shigowa da shi Najeriya. Da harka ta buɗe, ya sayi katafaren gida a Catford, cikin birnin London, ya ajiye matarsa Hajiya Karimatu da 'ya'yansu don su yi karatu.

A gidan akwai wata mai aiki, Salmiah, 'yar ƙasar Indonesiya. A Makka Hajiya ta samo ta, a can kuma ta koyi Hausa wurin mutanenmu mazauna Makka. Shekara shida tana girki da wanki, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Garinsu wani ƙauye ne a ɗan tsibirin da ake kira Kalimbu. Gidajen ba su kai tamanin ba, duk na katako ne a kan dirkoki saboda ruwa. Jirgin ruwa ɗaya ke zuwa duk bayan mako uku. Idan lokacin iska ya shigo, sai teku ya hana shiga da fita har kusan wata uku.

A can Salmiah ta bar mahaifiyarta ita kaɗai, da gonar kanumfari wadda marigayi mahaifinta ya dasa da hannunsa. Gonar ba ta da takarda. A ƙauyen, shaida ita ce abin da mutum ya faɗa a gaban liman da dattawa, magajinsa na tsaye.

Wata Talata da hantsi aka kawo talgiram daga limamin ƙauyen. Tsohuwa jiki ya yi tsanani, tana kiran 'yarta, tana so ta damƙa mata gonar a gaban shaidu. Jirgin ƙarshe kafin iska zai tashi nan da kwana goma.

Salmiah ta sami Hajiya a falo, ta durƙusa.

"Hajiya, uwata ba lafiya. Ki ba ni fasfona in tafi."

Fasfon yana kulle cikin akwatin Hajiya tun ranar da suka sauka a London.

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. "Yanzu? Kin manta walimar Zinatu ranar Asabar ta sama? Na yi inviting matan manya arba'in. Wa zai yi min girkin?"

Zinatu ita ce babbar 'yarta, wadda ta gama sakandare.

"Hajiya, jirgi ɗaya ne. In ya tafi, sai bayan wata uku."

"Ke dai kina da raki. Tsofaffi kullum cikin ciwo suke. Ki bari a gama, ni da kaina zan yi miki booking. Ko kin ɗauka kuɗin jirgin ne ba ni da su?"

Salmiah ta kama ƙafarta tana kuka. Hajiya ta janye ƙafar, ta ce ta tashi ta je kasuwar Deptford ta sayo kaji da attarugu.

Aka yi walima, aka ci aka yaba. Wata baƙuwa har ta ce ba ta taɓa cin shinkafa irin ta ranar ba. Washegari Hajiya ta buɗe akwati ta miƙa fasfo, ta haɗa da turmin atamfa, tana ganin ta yi abin kirki.

Salmiah ta isa tashar jiragen ruwa ta Makassar a Indonesiya, inda ake shiga jirgin Kalimbu, kwana huɗu bayan jirgin ya tashi. Mako goma sha ɗaya ta yi a bakin tashar, tana wanke kwanuka a wata rumfar abinci, tana kallon teku. Da ta isa Kalimbu, ta tarar har an yi sadakar arba'in. Ƙanin mahaifinta ya ce gonar tasa ce, tunda babu wanda ya zo ya karɓa. Ya riga ya sayar wa wani attajiri daga birni, don a lokacin kanumfari ya yi tsada.

Ba ta koma London ba. Wasiƙa ta aiko mai layi uku, ta faɗi abin da ya faru. Hajiya ta karanta ta taɓe baki.

"Dama kwananta ya ƙare. Ni na kashe ta?"

Ta nemi wata mai aikin.

Bayan shekara uku aka bugo waya daga Kano, aka ce Inna Habiba, mahaifiyar Hajiya, tana asibiti tana ambaton sunanta. Hajiya ta ruga filin jirgi da jakarta cike da kuɗi. Aka ce an yi cancel ɗin jirgin ranar. Na washegari kuma ya cika. Ta yi faɗa, ta yi magiya, ta ce za ta biya ninki goma. Baturiyar da ke sayar da tikiti ta ce mata ta yi haƙuri ta jira.

Sanda ta shiga gidansu a Gwammaja, an kwana biyu da kai Inna makwancinta. Yayarta ta ce, "Har ta cika idonta na kan ƙofa."

Tun daga ranar Hajiya ta daina samun sukuni. Abinci ya fita ranta, ta rame. Da ta gama zaman makoki, ta ce wa Alhaji za ta je neman Salmiah. Ya ce haukan me ke nan, ta aika mata da wani abu mana. Ta ce ƙafarta ce za ta je. Ya haɗa ta da ƙaninta Nata'ala.

Suka yi jirgin sama uku. Daga Makassar suka shiga jirgin katako tare da awaki da buhunan shinkafa, kwana biyu a kan ruwa. Hajiya ta yi amai har ta rasa abin da za ta amayar. A bakin tsibirin babu matsaya, sai da ta tattare zani ta shiga ruwa har gwiwa.

Ta sami Salmiah a wata bukka a ƙarshen ƙauyen, tana shanya kifi. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta ɗago ta gane ta, ta ce, "Hajiya, sannu da hanya." Ta shimfiɗa mata tabarma, ta fasa mata kwakwa ta sha.

Hajiya ta fashe da kuka. "Salmiah, na cuce ki. Nuna min mai gonar, ko nawa ya ce zan saya in mayar miki."

Salmiah ta nuna mata gangaren tudu. "Ga ta can. Ya sare itatuwan babana, ya ce sun tsufa, ya dasa nasa. Ba ya sayarwa."

Hajiya ta zare awarwaron zinare ta ajiye a gabanta. Salmiah ta tura mata abinta a hankali.

"To ki yafe mini, don Allah."

Salmiah ta ce, "Nawa na yafe tun ina bakin tasha. Amma uwata kwana goma sha bakwai tana sa a ɗauke ta a kai ta bakin ruwa, ko za ta hango ni. Wannan ba nawa ba ne da zan yafe. Kabarinta yana bayan masallaci, in kina so ki je ki tambaye ta."

Hajiya ta je. Ta tsaya a kan kabarin har rana ta karkata.

Sai da ta yi mako uku a ƙauyen kafin ta samu komawa. Kullum Salmiah ce ke dafa mata rogo da kifi, ta kawo mata har gabanta, ta ce, "Bismillah, Hajiya." Daga baya Hajiya ta gaya wa Zinatu cewa ba ta taɓa haɗiye abin da ya kai wannan abincin ɗaci ba.

Darasi: Wanda ke ƙarƙashinka shi ma yana da uwa, yana da gida, yana da abin da in ya wuce shi ba ya dawowa. Kada ka ɗora jin daɗinka na yini ɗaya a kan hawayen wani, domin akwai haƙƙin da in lokacinsa ya shige, ko ka zo da zinare babu wanda zai karɓa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da ma'aikata a gidajensu.